Farautar Motar Zamanin Turawa a Fagge da Sabon Gari

A garejojin Fagge, duk motar da ta sha jiki sunanta "ta zamanin Turawa". Tsohuwar Beetle ce ko Peugeot 404, haka dillali zai kira ta, alhali Beetle ɗin da Fijo ɗin da suka cika titunan Arewa yawancinsu haɗin Legas da Kaduna ne, daga 1975 zuwa sama. Mai neman ainihin mota buɗaɗɗiya, mai rufin tamfol, wadda aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai ya fara tsallake wannan kirari na 'yan kasuwa.

Ba a banza ake nemanta a nan ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu jim kaɗan bayansa, kamfanonin sayen gyaɗa da fata irin su John Holt da CFAO suka kafa kantuna kusa da tasha. Fagge, tsohon masaukin ayarin raƙuma, ta tsinci kanta tsakanin birni da wannan sabuwar hada-hada. Motocin farko na jami'an mulki ne, da 'yan kasuwa, da sarakuna, kuma da yawansu buɗaɗɗu ne.

Gwanin wannan fanni ido yake fara sa wa aiki. Motar wancan zamani madigadinta a ware yake da bodi, fitilunta a tsaye suke daban, lagiretonta dogo ne, akwai matakala a gefen ƙofa da kafar handul a gaba. Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, feda uku gare ta amma babu ta totur, da hannu ake ba ta wuta a jikin sitiyari. Model A, ta 1927 zuwa 1931, tankin manta yana gaban direba, bayan inji. Austin 7 ta Ingila kuwa 'yar mitsitsiya ce, injinta bai kai lita ɗaya ba. Sitiyari a dama ba abin mamaki ba ne, domin sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi.

Bayan ido sai lamba, kuma nan ne ciniki kan watse. Lambar shasi mai gurbi 17 da aka sani yau ta 1981 ce. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa. Ford kan buga lambar Model A a jikin inji, ya maimaita ta a kan shasi, a wurin da bodi ke rufewa. Idan wani bakanike ya taɓa sauya injin, kuma da wuya a ce ba a sauya ba cikin shekara casa'in da ɗoriya, sai an ɗaga bodin kafin a san shekarunta. Rolls-Royce kuma kafin yaƙi inji da shasi kaɗai take sayarwa, wasu kamfanoni irin su Hooper da Park Ward su ɗora bodi. Don haka mota ɗaya na iya fitowa a rufe, wani fanel-bita ya yanke samanta daga baya. Allon sunan mai bodin da kundin kamfani ne ke raba gardama.

Me ya kai mutane ga wannan wahala? Kuɗi na ciki: a 2012 an yi gwanjon wata Mercedes-Benz 540K buɗaɗɗiya ta 1936 a Kalifoniya kan fiye da dala miliyan 11.

Yanayin Kano yana taimakon mai nema ta wani gefe, ya cuce shi ta wani. Bushewar iska na rage tsatsa, amma bodin motocin Ingila da yawa kwano ne a kan firam ɗin katako, abincin gara ke nan. Tamfol da fatar kujera kuma rana da hunturu sun daɗe da gamawa da su. Babban abokin hamayya shi ne ɗan gwangwan, wanda ba ruwansa da Austin ko Ford, a kilo yake saye. Magada suna son fili, motar kaka ta tare tsakar gida, kafin labari ya kai kunnen mai nema an yanka ta da wuta.

Shi ya sa neman yake bin bakin mutane. Ana farawa da tsofaffin makanikai na Fagge, waɗanda suka san gidan da aka ajiye wace mota, a bi ta shagunan kayan gyara na France Road a Sabon Gari, a ƙarasa Kasuwar Ƙofar Ruwa wajen 'yan kwance. Dillali zai ce "akwai wata a wani gida, amma sai an sa albarka", wato a fara da la'ada. Masu haƙuri kan haɗa da tsofaffin hotuna na Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, da takardun Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Abin da aka fi samu guntu ne: murfin lagireto, fitilar tagulla, ko wili mai waya. Masu gyara a Turai da Amurka na sayen irin waɗannan, don haka dillalan da suka waye sukan ɗauki hoton lambar da waya kafin su faɗi farashi.