Tsakanin “Te Quiero” da “Te Amo”

A fim ɗin The Empire Strikes Back na 1980 akwai wurin da Gimbiya Leia ke ce wa Han Solo “I love you”, ana dab da daskarar da shi. ’Yan kallo a Sifen “te quiero” suka ji ta ce. Na Meksiko da maƙwabtanta kuma “te amo” suka ji. Duka biyun Sifaniyanci ne, babu wanda ya yi kuskure, amma ba abu ɗaya suka ji ba.

Mai magana da Ingilishi da kalma ɗaya yake son uwarsa, da matarsa, da abokinsa, har da abincin da ya yi masa daɗi. Sifaniyanci ya rarraba wannan aiki. Idan abinci ne ko wani abin sha’awa, sai a ce “me encanta”, wato ya burge ni ƙwarai. Da shi McDonald’s ya fassara taken tallansa na 2003. Idan mutum ne, nan ake tsayawa a yi tunani.

“Querer” daga kalmar Latin mai ma’anar nema ta fito, kuma har yau tana ɗauke da ma’anar buƙata. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin da “so” muke cewa ina son ruwa, da ita kuma muke cewa ina son ki. “Amar” ta fi kusa da ƙauna, ko da yake kusancin bai kai a ce su ɗaya ba ne. “Te quiero” ta shiga ko’ina: ɗa ya faɗa wa uwa, aboki ya faɗa wa aboki, miji ya faɗa wa mata kafin ya kashe waya. “Te amo” tana da nauyi. A Sifen mutane da yawa na jin ta kamar maganar littafi ko ta wasan kwaikwayo, ma’aurata na iya tsufa tare ba su cika furta ta ba. A Meksiko ko Ajantina kuwa maganar masoya ce ta gaske, ana fara “te quiero”, sai so ya yi nisa a kai ga “te amo”.

Wannan ne ya sa nake ganin mai ɗora murya a fim ya wuce tafinta kawai. A 1941 gwamnatin Franco ta Sifen ta wajabta ɗora muryar Sifaniyanci a kan fina-finan waje, sana’ar ta kafu a Madrid da Barcelona, yayin da birnin Meksiko ya zama babbar cibiyar masu yi wa Latin Amurka aiki. Duk lokacin da kalmomin nan uku na “I love you” suka fito daga bakin ɗan wasa, dole mai fassara ya yanke hukuncin da marubucin labarin bai yanke ba: wannan son na zumunci ne ko na aure, farkonsa ne ko ya nuna? Wani lokaci daɗin labarin yana cikin rashin tabbas ɗin, budurwa ta faɗa wa abokinta, shi bai san me take nufi ba, mu ma ba mu sani ba. Sifaniyanci ba ya barin wannan ɓoyo cikin sauƙi. In an ce “te amo” an tona asiri tun kafin lokaci. “Te quiero” ta fi iya rufa shi, shi ya sa nake fifita ta a irin wannan wuri.

Akwai kuma leɓe. “Amo” na buƙatar a rufe baki, “quiero” ba ta buƙata, kuma idan kyamara na kan fuskar ɗan wasa, mai fassara na duban hakan.

Game da Leia dai, ina tare da mutanen Meksiko. Mace ce da ta daɗe tana musun abin da ke ranta, ga shi ba ta da tabbacin za ta sake ganin mutumin da rai. Kalma mai nauyi ce ta dace da bakinta. Amma Basifaniyen da ya taso da jin iyayensa na cewa “te quiero” zai ce mini tasu ce ta fito daga zuci.