Furanni a Kan Takardar Ofis

A birnin Prag, babban birnin ƙasar Cek, akwai wata tsohuwar majami'ar Yahudawa da ake kira Pinkas. An rubuta sunayen Yahudawa kusan 80,000 a bangonta, waɗanda ƴan Nazi suka hallaka. A bene kuma ana nuna zane-zanen yara na sansanin Terezin. A kan waɗannan nake so mu yi tunani, ɗan'uwa mai karatu, musamman waɗanda aka yi ta hanyar yanka takardu da ƙyallaye ana liƙa su wuri ɗaya.

Malamar yaran ita ce Friedl Dicker-Brandeis, Bayahudiya haifaffiyar Ostiriya, wadda ta koyi zane a makarantar Bauhaus ta Jamus. An kai ta Terezin a 1942. Kayan zane sun yi ƙaranci ƙwarai, don haka yaran suka yi aiki da abin da hannu ya samu: tsofaffin takardun ofis masu layi-layi, takardar naɗe kaya, guntun zare. Kafin a tura ta Aushwits a watan Oktoba na 1944, inda aka kashe ta, ta zuba ayyukan a akwatuna biyu. Fiye da 4,000 sun tsira. Yawancin yaran da suka yi su kuwa ba su tsira ba.

Mutane da yawa suna duban ayyukan nan da idon tausayi kawai. A ganina wannan ragi ne ga yaran. Dubi furen da aka yanka daga takardar lissafi: layukan ofis suna nan a jikin ganyen, ba a ɓoye su ba. Yaron ya zaɓa, ya yanka, ya auna inda kowane yanki zai zauna. Takardar da ta fito daga ofis, inda ake ƙidaya mutane kamar awaki, ita ce ta zama fure. Ƙarfin aikin yana cikin wannan karo na abubuwa biyu. Malamar kuma takan sa su rubuta sunayensu, a wurin da aka mai da mutum lamba.

Gadon kakanninsu ma ya bayyana a zane-zanen. Akwai iyali zaune a teburin Idin Ƙetarewa, idin da muka sani daga Littafin Fitowa. Yaro yana cikin bauta, yana zana idin fita daga bauta. Salamar da suke bege ba ta taron shugabanni ba ce: gida ne, da abinci, da hanyar komawa Prag.

Amma akwai haɗari. Kyan furannin yana iya kwantar mana da hankali fiye da kima. Mu tuna cewa a watan Yuni na 1944 ƴan Nazi sun ƙawata Terezin don su ruɗi wakilan Red Cross. Adonsu na rufe gaskiya ne. Na yaran kuwa ya bar tabon a fili. Shi ya sa ya dace da aka ajiye zane-zanen a gini ɗaya da sunayen matattu. Wanda ya hau bene ya ga furanni, sai ya sauko ta gaban bangon nan kafin ya fita.