Waƙar Rap: Ma'ana Daban, Wa'azi Daban

Kwanakin baya gardama ta kaure a ɗakinmu a kan waƙar nan ta baƙaƙen fatan Amurka da ake kira rap, watau wadda mawaƙi ke jero magana bisa kiɗa ba tare da ya rera ba. Wani abokina ya ce ta lalace, wai 'yan yanzu ba su da zance sai kuɗi da motoci da mata, alhali na da gargaɗi suke yi. Rabin maganarsa gaskiya ce, rabi kuwa ban yarda ba.

An haifi wannan waƙa a unguwar Bronx ta birnin New York, a wuraren rawa irin wanda DJ Kool Herc ya shirya a 1973. Faifan da ya fara fito da ita duniya, "Rapper's Delight" na 1979, yawancinsa yabon kai ne da barkwanci. Ashe fariya ba baƙuwa ba ce, da ita aka soma. Mu kuwa da muke nazarin kirarin 'yan tauri da na mafarauta, ai ba mu da bakin zargin mutum don ya wasa kansa. Abin tambaya shi ne, da wane irin azanci ya yi?

Waƙoƙin da abokina ke kewa ma, in aka duba, ba wa'azi suka yi ba. "The Message" ta 1982 rayuwar unguwar talakawa ta zayyana, har ta bi wani yaro daga barin makaranta zuwa mutuwarsa a kurkuku. A 1991 Tupac Shakur ya ba da labarin Brenda, yarinya 'yar shekara 12 da ta yi ciki, danginta ba su kula ba, ta faɗa karuwanci, aka kashe ta. Abin da ya riƙe mai sauraro a nan shi ne an nuna masa mutum guda, da sunansa da shekarunsa, aka bar shi ya yi hukunci da kansa. A ganina wannan ita ce ma'ana.

Inda na bi bayan abokina shi ne salon da ya yi tashe wajen 2016, wanda ake cinye kalmomi har Ba'amurke kansa ba ya jin me ake cewa. Ka cire kiɗan, ka rubuta baitocin a takarda, sai ka ga fanko. Amma wannan gwaji yana kayar da masu tara nasiha ba hikima kamar yadda yake kayar da masu gunaguni, kuma irinsu ba su ƙaranta ba a cikin namu masu rap da Hausa.

Batun mutuwa kuwa, a 2018 aka ba Kendrick Lamar lambar yabo ta Pulitzer saboda faifansa na 2017, karo na farko da mai rap ya same ta. Na tambayi abokina ko ya taɓa sauraronsa, sai ya ce lokacin lacca ya yi.