Ɗan Kallo da Ɗan Kama: Sharhi a kan Kiɗa da Barkwancin Dandali a Ƙasar Agiye

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe suna mai da hankali a kan makaɗi: asalinsa, da kayan kiɗansa, da turken waƙoƙinsa, da yadda yake sarrafa harshe. Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne mutumin da ke tsaye a bakin da'ira, wanda ya bar cinikinsa a rumfa ya zo kallo, kuma gobe in ya ji labarin wasa a wata kasuwa sai ya bi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa irin wannan masoyi yana da hannu a cikin ginin wasan, kuma duk rubutun da ya fitar da shi daga lissafi ya tauye adabin da ake son adanawa.

An ɗora bayanin a kan gundumomi uku na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wato Agiye, da Gazawa wadda aka cire daga Agiye a 2011, da Gidan Runji inda Tsibirin Gobir take. Yanki ne na Katsinawa da Gobirawa manoma, mai yawan kasuwannin mako, inda kiɗa da wasa suke bunƙasa da kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu.

2.0 Makaɗin da ba shi da ubangida

Tun daga nazarin M. G. Smith na 1957 a kan roƙo, zuwa ƙamus ɗin kiɗan Hausa na Ames da King na 1971, an saba raba makaɗa bisa ga wanda suke yi wa kiɗa. Akwai makaɗan fada, irin masu tambari da kakaki na fadar Maraɗi da ta Tsibiri, waɗanda ci da suturarsu suke wuyan sarki. Akwai makaɗan sana'a, kamar na noma da na maƙera da na mahauta. Akwai kuma makaɗan jama'a, masu goge da kukuma da gurmi da kalangu, waɗanda ba su rataya ga kowa ba. Daga wannan rukuni ne Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suka yi fice.

Abin lura a nan shi ne, makaɗin jama'a ma yana da ubangida, sai dai ubangidan nasa taro ne, kuma taro ba ya alkawari. Makaɗin fada yana iya rera waƙa mai rauni a yafe masa saboda tsohuwar hidima. Wanda ya kafa da'ira a kasuwar Cadawa ko ta Gangara kuwa, in kiɗansa bai riƙe mutane ba, sai ya ɗaga kai ya ga fili. Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazarin al'ummar kwarin Maraɗi, ya nuna yadda kyauta a bainar jama'a take da babban matsayi a zaman mutanen wannan ƙasa. Kuɗin da ɗan kallo yake miƙa wa makaɗi reshe ne na wannan al'ada: yabo ne ga mai kiɗa, kuma shela ce ga taro cewa mai bayarwa ya san abin da ya ji.

3.0 Fasahar 'yan kama

A cikin masu wasan dandali babu waɗanda rayuwarsu ta dogara ga taro kamar 'yan kama. C. G. B. Gidley ya rubuta maƙala a kan sana'arsu a 1967, Graham Furniss kuma ya sake duba su tare da 'yan gambara a littafinsa na 1996. Ana iya taƙaita dabarunsu zuwa uku.

Ta farko ita ce juya sananniyar waƙa. Ɗan kama yakan ɗauki karin waƙar wani babban makaɗi ya bar amonta yadda yake, ya cire sarki ko jarumin da aka wasa, ya sa tuwo ko fura ko nama a gurbinsa. Ta biyu ita ce kwaikwayon malami a majalisar karatu: ɗaya ya ja baƙi da murya mai nauyi, ɗaya ya fassara, amma fassarar duk ba ta wuce bakin tukunya. Ta uku ita ce kwaikwayon bakin wasu, kamar Hausar Bafillace ko ta Buzu ko ta Bazabarme, ko ta ma'aikacin da ya cakuɗa Hausarsa da Faransanci.

Ƙarfin wannan fasaha yana ga yadda take sauko da manyan abubuwa zuwa ga ciki. A ƙasar da ta ga yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, da ta 2005, maganar tuwo ba ƙaramar magana ba ce. Idan ɗan kama ya wasa malmala da kirarin da ake yi wa sarki, taro yana dariyar haɗama, amma kuma yana jin an faɗi abin da kowa ya sani game da wanda ya ƙoshi da wanda bai ƙoshi ba. Rauninta kuwa ba a ɓoye yake ba. Maimaici yana da yawa, wani ɗan wasan yakan tsaya a kan ba'ar naƙasassu ko ƙauyawa idan dabara ta ƙare masa, 'yan gambara kuma sun shahara da batsa. Abin da yake yi wa kwaikwayon ƙabilu linzami shi ne taubasantaka, wato wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Fulani da Barebari, al'adar da hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon bil'adama da sunan Nijar a 2014. Wanda ya tsokani taubashinsa ya yi wasa. Wanda ya tsokani wanda babu wasa tsakaninsu ya yi zagi, taro kuma yakan nuna masa haka nan take.

Wannan jijiya ba ta tsaya a kasuwa ba. Wasannin ƙungiyoyin samariya na zamanin Seyni Kunce, da na Yazi Dogo da abokansa a Damagaram, waɗanda Janet Beik ta yi nazari a littafinta na 1987, an gina su a kan ƙirƙirar magana nan take, ba a kan haddace rubutu ba. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya shigar da juya waƙa cikin finafinan Kano. A Amurka da Ingila ma akwai mai barkwanci da yake tsayuwa shi kaɗai a kan dandamali yana ba mutane dariya. Bambancin shi ne can ana sayen tikiti kafin a shiga, nan kuwa sai an yi dariya ake biya.

4.0 Ɗan kallo a matsayin mai sharhi

Juya waƙa ba ya ba da dariya sai ga wanda ya san waƙar asali. Ke nan rabin wasan yana cikin kan mai sauraro tun kafin a fara. Masoyin da ya haddace waƙoƙin Shata ko na Ɗanƙwairo shi ne yake fara kecewa da dariya a daidai gaɓar da aka musanya kalma, dariyarsa kuma ita take jan ta sauran. Ɗan kama ya san da haka, shi ya sa yake neman irin wannan fuska a cikin taro, ya jefa mata magana, ya ɗan dakata a amsa masa. Wannan ɗan dakatawa, da amsar da ta biyo baya, da yadda ɗan wasa ya cafe amsar ya mayar da ita sabon zance, su ne wurin da gwaninta take bayyana.

Har ila yau masoyi shi ne ma'ajiyar wasan. Shi yake iya cewa bana wane ya fi bara, ko kuwa wannan ba'a ta wane ce aka ara. Shi yake kai labari majalisa da dare, ya kwaikwayi abin da ya gani ga waɗanda ba su je ba. A da da baki yake yi, daga baya da kaset, yanzu da wayar salula. Hukuncinsa yana da ma'auni ko da bai ba shi suna ba: saurin amsa, da daɗin murya, da sabuwar magana, da sanin inda ya kamata a tsaya.

Duk da haka bai kamata a ɗauki ɗan kallo a matsayin alƙali marar kuskure ba. So yakan rufe masa ido, ya ƙi ganin gazawar gwaninsa. Bugu da ƙari, hannun da ya fi nauyi shi yake juya akalar wasa. Da zarar wani attajiri ya shiga da'ira ya yi kyauta mai tsoka, ba'a takan koma kirari, mai wasan da ya fito ba shi da ubangida sai ya samu ubangida na rabin sa'a. Mai nazari yana bukatar ya lura da wannan sauyi, domin rubutun kalmomi kaɗai ba ya nuna dalilinsa.

5.0 Matsalar rubutawa

A nan ne maganar ta shafi masu tsara yaƙi da jahilci. Tun daga taron Bamako na 1966, da makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci da aka buɗe a Damagaram a 1973, da taron daidaita rubutun Hausa na Yamai na 1980, ake neman abin karatu da zai riƙe babban mutum. A 2025 dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bukatar kuma ta ƙaru. Barkwancin dandali ya dace da wannan bukata, tunda manomi ya riga ya san shi kuma yana son sa. Amma akwai tarnaƙi biyu.

Na farko shi ne karin harshe. Mutumin Tsibiri yakan ce hwaɗi da sunka da yac ce, inda Bakano zai ce faɗi da suka da ya ce. Idan mai rubutu ya mayar da komai daidaitacciyar Hausa, to kwaikwayon da ɗan kama ya yi wa Bakano ya ɓace, domin yanzu kowa Kananci yake yi a takardar.

Na biyu shi ne rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, alhali da su ake wasa da kalma. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya, da fara ta launi da fara ta suya da fara na soma aiki. Littattafan yaƙi da jahilci na Nijar na farko suna ninka dogon wasali, daga baya aka bari domin a daidaita da Nijeriya. Daidaitawar ta yi amfani, amma a irin wannan matani tana bukatar taimako.

Saboda haka ana ba da shawarwari huɗu. A ɗauki wasa a inda ake yin sa, da hayaniyarsa, ba a ɗakin ɗaukar murya ba. A rubuta amsar taro da dariya da dakatawa da lokacin kyauta a matsayin ɓangaren matani. A bar karin harshen mai magana yadda yake, a sa alamar sauti a kan kalmar da aka yi wasa da ita kawai. A zauna da masoyan wasan a tambaye su abin da ya ba su dariya da dalilinsa, tare da neman izinin masu wasa da biyan su haƙƙinsu.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa kiɗan jama'a da 'yankamanci adabi ne da ake ƙullawa tsakanin mai yi da mai kallo, kuma sha'awar masoyi wani nau'in sharhi ne mai ma'auninsa da kurakuransa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mai binciken da ya isa kasuwar Agiye da na'urarsa zai fi samun abin da ya je nema idan ya fara tambayar wanda ya riga kowa zuwa bakin da'ira.