Bomb Squad, Maƙeran Hayaniya

Duk wanda ya saurari "Rebel Without a Pause" ta Public Enemy, wadda ta fito a 1987, abin da zai fara huda masa kunne shi ne wata siririyar ƙara, kamar an manta da butar shayi a kan wuta. Busar saksofon ce daga "The Grunt", faifan da makaɗan James Brown suka yi a 1970. Wasu samari na Long Island, a jihar New York, suka yanko ta, suka ɗora ta a kan gangar Clyde Stubblefield ta "Funky Drummer", suka bar ta tana ta maimaita kanta ba hutu. Su ne Bomb Squad: Hank Shocklee da ƙaninsa Keith, da Eric Sadler, da Chuck D, mawaƙin Public Enemy, da kansa.

'Yan gidan Shocklee masu saka faifai ne a wuraren casu, ƙarƙashin sunan Spectrum City, don haka a filin rawa kunnensu ya goge. Sadler ne ya san ƙa'idar kiɗa. Idan sauti biyu suka ƙi jituwa, shi gyara yake so, Hank kuwa wannan rashin jituwar yake nema ruwa a jallo. Ni a ganina daga wannan jayayya gwanintarsu ta fito.

Na'urar SP-1200 da ake aiki da ita a lokacin ba ta riƙe sautin da ya wuce daƙiƙa goma. Sai tsince-tsince: tafi daga wannan faifai, ihu daga wancan, jiniya, guntun jawabin Malcolm X. A jera su bisa juna, a saurara, a cire ɗaya, a ɗan karkace wani don kada kiɗan ya yi santsi. Mai saurin yanke hukunci zai ce hargitsi ne. Ya ƙara kasa kunne zai ji cewa kowane guntu an ba shi gurbinsa, kuma muryar Chuck D mai kauri tana ratsawa ta tsakiya ba abin da ya danne ta.

Haka suka gina faifan It Takes a Nation of Millions to Hold Us Back a 1988, da "Fight the Power" ta fim ɗin Spike Lee a 1989. A 1990 Ice Cube ya taso daga Los Angeles takanas don su yi masa faifansa na farko.

A 1991 wata kotu a New York ta sami mawaƙi Biz Markie da laifin ɗaukar guntun waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini. Daga nan kamfanoni suka fara neman izinin kowane guntu, da kuɗinsa, kuma waƙa mai guntaye barkatai ta zama sai mai ƙaton aljihu.