Waƙoƙin Nowel: wa ya raba su da rawa?

Kowace Disamba, in ka kunna rediyo ko ka buɗe waya, sai ka ci karo da waƙoƙin Nowel, waɗanda Turawan Ingila ke ce ma "carol": yara cikin fararen riguna sun jeru a majami'a, murya siririya, ba mai ko motsa ƙafa. Da yawanmu mun ɗauka haka abin yake tun fil azal. To, sunan ne ma ya fara tona asiri.

Kalmar ta fito ne daga tsohon Faransanci, "carole", wata rawa da ake yi a zagaye, an riƙe hannu, mutum guda na bayarwa saura na amshi. Wato dai kamar gaɗar ƴan mata a dandali. Majami'a tana da nata waƙoƙin haihuwar Almasihu tun ƙarni na 4, amma da Latin, harshen da manomi bai ji. Masu wa'azi kuwa sun daɗe suna sukar wannan rawa. Sai a ƙarni na 13 Faransis na Asisi da almajiransa suka ƙarfafa yin waƙar addini da harshen da ake magana a gida da kasuwa. A Ingila, wajen 1426, wani limamin Kirista mai suna John Audelay ya rubuta irin waɗannan waƙoƙi guda 25.

A can Ingila ɗin, talakawa kan bi gida-gida cikin sanyi suna rerawa, a ba su abinci ko ƴan kuɗi. Duk wanda ya taɓa yin tashe da azumi ya gane abin. Ban ce ɗaya ta haifi ɗaya ba, kama ce kawai.

A 1647 majalisar Ingila ta hana bikin Nowel, sai 1660 ya dawo. Waƙoƙin suka ci gaba da rayuwa a bakin mutanen ƙauye, har Davies Gilbert a 1822 da William Sandys a 1833 suka tattara su a littafi. Daga nan mawaƙan majami'a suka daidaita karinsu da murya huɗu. A 1880 aka shirya masu sujada ta musamman a garin Truro, kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauka a 1918, BBC ta fara watsawa a 1928. Wannan sigar ce duniya ta sani yau.

A nan sukata take. Ba na musun cewa mutanen nan sun ceci waƙoƙi da yawa daga ɓata, kuma sigar Kambirij tana da daɗin ji. Amma ceton ya zo da farashi. Abin da ya taso da taka ƙafa da harshen ƙauye ya koma abin saurare a zaune, hannu bisa cinya. An adana baitoci, taron da ya haife su ya watse.

Ƴan'uwa, mu ma fa muna bisa wannan hanya. In muka tashi rubuta waƙoƙin tashe ko na gaɗa, hannunmu kan yi ƙaiƙayin "gyara" Adaranci ko Damagaranci ya koma daidaitacciyar Hausa. Mu bar wa tsohuwar Tawa lafazinta. Mu naɗi muryarta a waya, mu rubuta wa ke bayarwa, wa ke amshi, da inda ake tafi. In ba haka ba, jikokinmu za su karanta gaɗa a takarda su ɗauka a zaune aka yi ta.