Kartar Tarot da Asalin da Aka Ƙirƙira Mata

Mabiya Wicca da sauran rassan sabon maguzanci a Ingila da Amurka sun ɗauki kartar Tarot a matsayin babbar hanyar duba, kuma littattafansu na koyarwa sun daɗe suna jingina ta ga hikimar Masar ta dā. Wannan jinginawa ita ce ta cancanci bincike, domin a kanta aka gina kwarjinin kartar, har wasu marubuta Musulmi masu yi mata raddi suka karɓi da'awar ba tare da tantancewa ba.

Tarihi bai goyi bayan haka ba. Tarot ta bayyana ne a arewacin Italiya a ƙarni na 15, a fadojin Milan da Ferrara, kuma wasa ake yi da ita. Katuna 78 ne, 56 na gama-gari da 22 masu hotuna na musamman. Sai a 1781 Antoine Court de Gébelin, wani malamin coci ɗan Furotesta da ke zaune a Faris, ya rubuta cewa hotunan nan ragowar littafin Thoth ne, abin bautar Misirawa. Ya faɗi haka alhali babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni a zamaninsa, domin Champollion bai warware shi ba sai 1822, kuma da aka karanta ba a sami Tarot a ciki ba. Duk da haka Éliphas Lévi ya zo ya daidaita katuna 22 da haruffan Ibrananci 22, ƙungiyar Golden Dawn ta gaji wannan, daga cikinta Arthur Waite da Pamela Colman Smith suka fitar da kartar 1909 da ta fi kowace yaɗuwa a yau. Michael Dummett ya rushe labarin Masar da hujjoji a littafinsa na 1980.

Abin ban sha'awa shi ne akwai Masar a cikin labarin, amma ta Mamalik ce. Kartar wasa ta shiga Turai a wajajen 1370 daga ƙasashen Musulmi, kuma a gidan tarihi na Topkapi da ke Santambul akwai kartar Mamalik mai alamun kofi da takobi da tsabar kuɗi da sandar wasan dawaki. Waɗannan alamu ne masu Wicca ke fassarawa yanzu da ruwa da iska da ƙasa da wuta.

Da hujjar daɗewa ta raunana, sai da yawa daga masu duban suka koma mafaka ta biyu. Suka ce kartar madubi ce kawai da mutum ke kallon zuciyarsa a ciki, suna aron kalmomin Carl Jung, kuma ba su da'awar sanin gobe. Wannan magana ta fi ta farko wayo, amma aikin da ake yi yana ƙaryata ta. A shimfiɗar katuna goma da Waite ya yaɗa, gurbi na ƙarshe na abin da zai faru ne. Wanda ya biya kuɗi yana tambaya ko ya yi auren ko ya fasa, hukunci ya zo nema, kuma ya miƙa shi ga katin da gaurayawa ta fitar. A nan ne mas'alar ta haɗu da neman rabo da kibau da Suratul Ma'ida ta haramta, da hadisin da Muslim ya ruwaito kan zuwa wurin ɗan duba. Illar hukuncin ita ce neman gaibu ta hanyar da ba ta kai wa gare shi, ko kayan aikin ya shekara dubu uku ko ɗari biyu. Ibn Khaldun ya bi irin wannan hanya a Muƙaddima sa'ad da ya yi bayanin bugun ƙasa, ya nuna cewa ƙa'idojinsa mutane ne suka shirya su.

Akwai kuma matsalar fassara. Kiran Wicca "maita" yana ɓatar da mai karatun Hausa, domin maye a wurinsa mai kama kurwa ne a ɓoye, alhali wannan addini ne da Gerald Gardner ya bayyana a fili a 1954, shekara uku bayan Ingila ta soke dokar hukunta masu sihiri. Tsafi ya fi kusa da ma'anar, ko da yake shi ma bai ɗauke ta duka ba.